Gargaɗi ga masu tsofaffin motocin gudu a Abuja: akwai mai "wanke inji" da ke cutar mutane

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu tsofaffin motoci 'yan ƙofa biyu irin su Prelude da Celica da BMW ɗin da, ku yi hattara da wani mutum da ke tallata kansa a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp wai shi gwani ne wajen wanke kayan inji ya mayar da su sabbi fil. Kama suna ma ba shi da amfani don kullum cikin canza sunan shafi yake, amma salon ɗaya ne. Zai ce maka garejinsa na wajajen Apo, in ka ce za ka zo ka gani sai ya ce ai Alhaji gyaran wajen muke, ku haɗu a gidan mai ko bakin kasuwar Gudu yaronsa ya karɓi kayan, sannan ka tura rabin kuɗi wai na sayen kemikal. Bidiyoyin da yake ɗorawa ma ba nasa ba ne, ku lura da motocin da ke bayan hoton, lambarsu ba ta Najeriya ba ce.

Maƙwabcina a Kubwa ya faɗa hannunsa. Honda Prelude gare shi ƙirar 1996 mai injin H22, lita 2.2 da VTEC, wato tsarin Honda da ke ƙara buɗe bawul in inji ya ɗau gudu, kuma tun 2001 Honda ta daina ƙera Prelude ɗin wancan zamanin, kenan kayanta ba irin wanda za ka shiga kasuwa ka ɗauko ba ne yadda ake ɗauko na Corolla. Ya ba mutumin tof silinda (kan injin) da manifol da nozul huɗu da solenoid ɗin VTEC. Kaya suka dawo suna ƙyalli wallahi in ka gani sai ka ce daga kwali aka ciro su. Allah ya taimaka bai bari an ɗaura ba sai da ya kai wa wani dattijon bakanike, Baba ya sa farce ya kankare gefen tof ɗin sai ga fentin silba na ɓarewa, ƙarƙashi kuma ƙarfen ya yi toka-toka da ƙananan ramuka kamar gara ta ci itace. Nan take ya ce a ruwan soda aka jiƙa shi, wannan sodar dai da ake yin sabulu da ita. Ita kam tana cire datti a baƙin ƙarfe, amma alminiyam cin sa take yi, shi kuwa tof ɗin H22 alminiyam ne zalla, to in fuskar da gasket ke zama a kai ta rarake ta ina za ta riƙe ruwa da baƙin mai? Sai dai a sake goge fuskar a inji, in ramin ya yi zurfi kuma shi kenan tof ya tashi aiki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yashi. Baba ya shimfiɗa farar takarda ya hura iska ta ramukan da baƙin mai ke bi, sai ga yashi na zubowa, ashe mai wankin feshin yashi ya yi wa kayan bai toshe ko rami ɗaya ba, kuma bai wanke bayan ya gama ba. Da an ɗaura haka an tayar da mota yashin nan zai bi mai ya zaga ko'ina ya cinye metal (wato bearing ɗin inji) da kamshaf, shi VTEC ma da ƙarfin matsin mai yake aiki kuma akwai 'yar rariya a solenoid ɗinsa, da ta toshe ba zai ƙara buɗewa ba. Nozul kuwa ba nasa aka dawo masa da su ba, lambar jikinsu daban, an musanya da na wata mota.

Da aka kira mutumin har yana da bakin cewa a kawo bulok ɗin ma ya goge masa silinda a farashi mai sauƙi. Wanda ya san H22 ya san bangon silindarsa FRM ne, wato alminiyam da aka ƙarfafa da zaren fiber, ba baƙin ƙarfe ba, in aka sa masa dutsen gogewa na yau da kullum lalacewa yake mota ta koma shan mai tana hayaƙi. Daga nan ya daina ɗaga waya.

Duk wanda zai ba da kayansa wanki ya je ya ga wajen da idonsa, ya tambayi da me za a wanke, in alminiyam ne aka ambaci soda ka kwashe kayanka ka yi gaba. Ka ɗauki hoton lambar kowane nozul, ka yi wa tof alama da ƙusa inda fenti ba zai ɓoye ba, kuma mai wankin nozul na gaskiya yana da na'urar da za ta nuna maka feshin kowanne a cikin gilashi a gabanka.

Maƙwabcin nawa ya riga ya kai ƙara wajen 'yan sanda. In kai ma mutumin nan ya taɓa karɓar maka kaya ko kuɗi, ka adana rasit ɗin tiransifa da hirarku ta WhatsApp, kar ka goge, ka yi min magana ta inbox mu haɗa ka da maƙwabcin nawa.