Sharhi kan aikin wani ƙaramin kamfanin tsaron intanet a Yamai

Kamfanin na wasu matasa ne ƴan ƙasa da suka karanci ilimin kwamfuta, wasu a Jami'ar Abdou Moumouni, wasu a ƙasashen waje, suka dawo gida suka buɗe ofis a unguwar Plateau. Gidan sayar da kayan gini da nake riƙe wa lissafi a kasuwar Katako ya ɗauke su domin su bincika kwamfutoci da saluloli da muke karɓar kuɗi da su, kuma a kan abin da na gani da idona nake wannan sharhi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su fara da tallata mana wata na'ura ba. Sun zauna da kowane ma'aikaci, har da yaran shago, suka tambayi wanda ya san kalmar sirrin asusun da abokan ciniki ke turo kuɗi ta Nita ko Airtel Money, da wanda ke iya buɗe kwamfutar lissafi idan maigida ya yi tafiya. A nan aka gano cewa kalmar sirri guda ce ke buɗe kusan komai, har tsohon ma'aikacin da ya bar aiki yana da ita. Sun raba wa kowa tasa, sun sa lambar tabbatarwa ta biyu da ke zuwa a salula, sun kuma tsara ajiyar kwafin lissafi a wuri dabam, abin da ke da amfani ƙwarai a garin da wuta kan ɗauke lokacin zafi. Duk bayanin da Hausa da Zabarmanci suka yi shi, suka kuma tunatar da maigida cewa dokar 2022 ta kare bayanan mutane ta hau kansa shi ma, tunda yana riƙe da sunaye da lambobin masu karɓar kaya bashi, kuma hukumar kare bayanan mutane ta Nijar, wato HAPDP, ce ke sa ido a kanta. Idan an yi mana kutse, dokar 2019 kan laifukan intanet ce za a kai ƙara da ita, saboda haka suka koya mana ajiye shaida maimakon goge saƙo cikin fushi.

Inda na ga rauni shi ne manhajarsu ta ƙirƙirarriyar basira mai tace saƙonnin damfara. Tana gane saƙon ƙarya idan da Faransanci aka rubuta shi, amma mazambatan da ke damunmu da murya suke aiko saƙo a WhatsApp, da Hausa, suna cewa sun turo kuɗi bisa kuskure a mayar musu, kuma irin wannan yakan wuce ta ba ta ce komai ba. Sun faɗa mana gaskiya cewa ba su da isassun misalai cikin harsunanmu da za su horar da ita. Wannan ya dame ni matuƙa, ganin cewa tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, kuma babu wani kamfanin waje da zai tattara mana waɗannan misalai idan ƴaƴanmu ba su yi ba.

Kuɗin aikin zai yi wa ƙaramin mai shago nauyi, sai dai ƴan layi ɗaya su haɗa hannu su biya zaman horo tare. Ina ba da shawarar a ɗauki bincike da horon, manhajar kuwa a jira har ta iya sauraron saƙon murya da Hausa kafin a biya kuɗinta na wata-wata.