Sashen gashin sankara da muka kai Innarmu

Masu tambayata yadda sashen gashi (wato ƙona sankara da hasken na'ura) na asibitin koyarwar da muka kai Innarmu yake, ga abin da na gani. Sankarar mama ce a ɓangaren hagu, an cire ƙullutun, saura gashi. Ga ta da hawan jini da ciwon suga, ga kafaɗa da ta daɗe tana damunta.

Zaman farko ne ya sa na yarda da su. Likitar ba ta yi zancen ranar fara gashin ba sai da ta zazzage ledar magungunan Inna a kan tebur. Ta tambaya ko an taɓa gasa mata ƙirji, ko an dasa mata na'urar daidaita bugun zuciya, ko tana da ciwon nan da ke sa fata ta yi tauri. Masu irin waɗannan akan sake musu tsari, wasu ma a haƙura da gashin. Mai juna biyu kuwa ba a yi mata sai ta haihu.

Hagun nan shi ya fi cin lokaci. Zuciya tana kusa da maman hagu, hasken da ya taɓa ta kuma yana ƙara haɗarin ciwon zuciya bayan shekaru, balle ga mai hawan jini da suga. Dabarar ita ce a cika huhu da iska a riƙe kamar daƙiƙa 20, zuciya ta ɗan nisanta daga ƙashin ƙirji, sannan a saki hasken. Da farko Inna ta kasa. Wata nas ta ce, "Hajiya, ki riƙa gwadawa bayan kowace salla." Haka ta yi har ta iya. Allah Ya saka wa yarinyar nan.

Kafaɗar ma ta jawo jinkiri, don kwanciyar sai da hannu a sama da kai, dole aka fara motsa ta a wurin masu gashin ƙashi. Sugan kuma sun nace sai ya sauka, saboda fatar mai suga ba ta saurin warkewa in ta saluɓe. Tsarin zama 15 cikin mako uku suka zaɓa mata maimakon 25.

Ƙorafina layi ne. Tsohuwa mai suga ta zauna tun safe har azahar a kan benci, dole mu riƙa ɗaukar abinci. Ranar da na'ura ta lalace ba wanda ya buga mana waya, sai da muka biya kuɗin mota muka iso, kuma duk takardun bayanin da suka ba mu da Turanci ne.