Matasan da suka sauya wa sabar imel ɗinmu suna

Ni ke riƙe da harkar ofis a wani kamfanin buhuna da ke Sharada a Kano, tun daga takardun haraji har tawadar firinta. Da Alhaji ya sayi kason abokin kasuwancinsa, aka je CAC aka sauya sunan kamfani. An sake allon bakin ƙofa, an sake hatimi, amma imel na nan da tsohon suna, a adireshi da kuma jikin sabar kanta, wato kwamfutar da ke karɓa da aika saƙonninmu. Rannan ya kira ni ya ce, "Malam, a cire min sunan nan kafin babbar sallah."

Na ɗauka aikin minti goma ne, kuma wani yaro mai gyaran kwamfuta a Beirut Road ya ƙara min ƙarfin gwiwa, wai goge suna kawai za a yi a rubuta sabo, a kashe a kunna. Allah ya sa ban bi tasa ba. Akantanmu ne ya haɗa ni da wasu matasa biyu masu ƙaramin ofis a Zoo Road, su nake son na yi magana a kai.

Babbansu na ganin injin ya girgiza kai. "Yallaɓai, wannan Exchange 2016 ce, manhajar sabar imel ta Microsoft. Microsoft ba ta yarda a taɓa sunan kwamfuta ba in har an riga an ɗora mata Exchange. Sunan na rubuce a cikin Active Directory, rajistar kwamfutoci da ma'aikatan ofis, in ka sauya shi za ta tashi ta kasa gane kanta." Ya ce sai dai a kafa sabuwar saba da sabon suna, a kwashe akwatunan saƙo zuwa cikinta, sannan a sauke tsohuwar a tsanake. Shi ya fara faɗa min cewa 14 ga Oktoba 2025 ce ranar da Microsoft ta yanka ta janye tallafinta ga Exchange 2016 da 2019. Ya ba da shawarar mu koma Microsoft 365, inda imel ke zama a sabobin Microsoft, mu huta da janareta, Alhaji ya ji ana biyan kuɗin kowane ma'aikaci wata-wata ya ce a'a. Ba su matsa ba.

Tsarinsu ya burge ni. Sun yi mana rajistar sabon domen, wato sunan da ke bayan alamar @ a adireshin imel, mai ƙarewa da .com.ng ta hannun wakilin da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da shi. Kwana biyu kafin aikin suka rage TTL, wato tsawon lokacin da sauran sabobi ke riƙe tsohon bayani kafin su sake tambaya, don sauyin MX, bayanin da ke nuna sabar da za a kai wa saƙonninmu, ya bazu da wuri. Suka sayo sabon satifiket na tsaro mai ɗauke da sabon suna, saboda kada Outlook ta riƙa tsorata ma'aikata da gargaɗi. Kowa aka bar masa tsohon adireshinsa a maƙale da sabon. Bayan an sauko daga Juma'a suka fara, sai Asabar da la'asar suka gama, mu ashirin da shida babu wanda ya rasa saƙo ko ɗaya. Da wuta ta ɗauke cikin dare hankalina ya tashi, ƙaramin ya ce in kwantar da hankali, sabar mai aikowa kan ci gaba da gwadawa har kwanaki kafin ta haƙura. Haka kuwa aka yi.

Litinin ce ta tona musu asiri. Dillalanmu na Dawanau, kusan duk Gmail suke amfani da shi, suka fara bugo waya ba su ga rasit ba. Ashe ba a rubuta SPF a sabon domen ba, DKIM ma babu, wato shaidun da ke tabbatar da cewa saƙo daga gare mu ya fito, alhali tun Fabrairun 2024 Gmail ta wajabta ɗaya daga cikinsu a kan duk mai aiko mata saƙo. Wanda ya san zancen TTL bai kamata ya manta wannan ba. Gyaran bai ci rabin awa ba, amma daga ƙarfe tara nake kira ba a ɗauka sai bayan azahar, Alhaji kuwa yana tsaye a kaina. Injin fotokofi da ke tura takardu ta imel ma an manta da shi, kwana uku yana neman sabar da ba ta nan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kalmomin sirri. Sai da na yi mako uku ina bin su kafin suka rubuto min su da bayanin abin da suka taɓa. In za ka ba su aiki, ka riƙe cikon kuɗi sai takardar nan ta shigo hannunka, ka kuma sa su aika saƙon gwaji zuwa Gmail da Yahoo a gabanka. Kuɗinsu ya ninka na yaron Beirut Road sau da yawa, amma ko gobe su zan kira.

Tsohon domen ma sun hana mu sakinsa, muka sabunta shi na shekara biyu ba da son ran Alhaji ba. Har makon jiya wani mai sayen kayanmu a Maraɗi ta can ya aiko oda.