Wata biyar da Anki a aljihu: abin da ya yi min a shirin GRE

Da Turanci na yi sakandare, da shi na yi digiri, da shi kuma na koyar da lissafi a shekarar bautar ƙasa. Shi ya sa da na tashi neman gurbin digiri na biyu a Amurka, aka ce sashen da nake so sai da sakamakon GRE, wato jarrabawar da ake auna masu neman irin wannan gurbi da ita, ban ɗauki ɓangaren Turancin da zafi ba. Sai ranar da na zauna na yi jarrabawar gwaji ta POWERPREP, wadda hukumar ETS, mai shirya GRE, ke bayarwa kyauta a shafinta. Lissafi ya tafi sumul. Turanci kuwa ya nuna min iyakata. Akwai irin tambayar da za a jera maka kalmomi shida, a ce ka zaɓi biyu waɗanda kowacce ka saka a gurbin, jimlar za ta ba da ma'ana ɗaya. A tambayar farko, huɗu daga cikin shidan ban taɓa cin karo da su ba tunda aka haife ni.

A nan na gane bambancinta da TOEFL ko IELTS. Waɗancan domin baƙin harshe aka yi su, a ga ko za ka iya zama a aji ka fahimci malami. Ita GRE takarda ɗaya ake ba ka da wanda ya sha Turanci a nono. Tun watan Satumba na 2023 an rage tsawonta zuwa kusan awa biyu: insha'i guda na minti 30, tambayoyi 27 na Turanci, 27 na lissafi, makin Turanci da na lissafi kowanne daga 130 zuwa 170. Kuɗin rajista ya haura dala 200, in ka juya shi zuwa naira sai ka nemi wurin zama. Ba ta shiga don a ɗana ba ce.

Wani abokin aikina ne ya nuna min Anki. Manhaja ce ta katunan hadda: gaban kati tambaya, bayansa amsa. Ka duba gaba, ka faɗi amsar a ranka, ka juya, sannan ka danna ɗaya daga maɓallai huɗu gwargwadon yadda ka tuna. In ka manta, katin zai dawo maka cikin 'yan mintuna. In ka tuna, sai ya ɓace kwana ɗaya, daga baya 'yan kwanaki, sannan makonni, har watanni, tazarar tana ƙaruwa duk lokacin da ka ci. Sunan ma daga Japananci yake, ma'anarsa hadda. Kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, inda ake kiranta AnkiDroid. Masu iPhone ne ke saye. Kuma ba ta buƙatar data sai in za ka daidaita waya da kwamfuta, wanda ga mai lissafin megabait irina ba ƙaramin abu ba ne. Ba ta da kwalliya ko kaɗan, fuskarta kamar fom ɗin ofis.

Wata rana bayan la'asar Kawuna, wanda ya yi tsangaya ya sauke tun kafin a haife ni, ya same ni a zaure ina ta danne-danne ina motsa baki. Ya ce, "Kai kuma wane wuridi kake ja a waya?" Na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To ai ƙari da tilawa ke nan. Mu ma ba a yi wa yaro ƙari sai na jiya ya zauna. Wanda ya yi ta ƙari babu tilawa, ruwa yake zubawa a kwando." Na ce, "Haka ne, Kawu, sai dai ita wannan ita ke tuna maka wanda ya kamata ka maimaita yau." Ya ce Alarammansu ma yana tunawa, kuma shi da dorina yake yi.

Wata na farko na ɓata shi ne da hannuna. Na sauko da wani kundin kati da wani bawan Allah ya haɗa ya saka a intanet, kalmomi wajen dubu, kowacce da fassarar Turanci mai tsawo. Don sauƙi sai na riƙa goge fassarar ina sa kalmar Hausa guda ɗaya. Hadda ta yi ta gudu, ina jin daɗi. Matsalar ta fito ne a gwaji na biyu. Kalmomin frugal da parsimonious da miserly duk na rubuta musu "rowa". Sai ga jimla tana yabon wata mata da ta riƙe gidanta da ɗan abin da take samu, ana neman kalmar da ta dace. Ni a kaina duk ukun ɗaya ne, na zaɓi ta zagi a wurin yabo. Abin haushin, Hausa ba ta gaza ba. Ni ne na yi kasala. Muna da tattali, muna da tsimi da tanadi, muna da rowa, muna da maƙo, kuma ba Bahaushen da zai ce wa surukarsa mai maƙo alhali yana nufin mai tattali. Irin wannan zaren bambancin shi GRE ke farauta.

Sai na rushe kundin na fara nawa. Kowane kati yanzu jimla ce cikakkiya da na tsinto a karatuna, an cire kalmar an bar gurbi. A baya in sa kalmar, da fassarar Hausa wadda na zauna na auna, da alama ɗaya: yabo ce, zagi ce, ko tsaka-tsaki. Kati ɗaya kan ci min minti uku ko huɗu, amma rabin haddar a wurin rubutawar take zama. Na kuma rage sababbin katuna daga 20 da manhajar ke bayarwa a rana zuwa goma. A cikin adaidaita nake yin yawancinsu, sauran kuma bayan sallar asuba kafin gida ya tashi.

Abu ɗaya da ya kamata mai shiga ya sani: bashi ba ya yafuwa. Na yi kwana shida ina hidimar bikin ƙanwata ban buɗe ta ba, na dawo na tarar da katuna sama da ɗari huɗu suna jirana. Saura kaɗan in goge ta. Abin da ya cece ni, na tsayar da ƙari gaba ɗaya na mako guda, na riƙa rage tulin da kaɗan-kaɗan. Na tuna maganar Kawu, ban dai faɗa masa ba.

Akwai kuma inda hannunta bai kai ba, kuma ba don shi aka yi ta ba. Kusan rabin tambayoyin Turancin karatun nassi ne: sakin layi a kan tarihi ko ilimin halittu ko sukar adabi, a tambaye ka me marubucin yake nufi, ina ya yarda, ina ya ja da baya. A nan ƙananan kalmomi irin su although da yet da hardly su ke juya jimla gaba ɗaya, kuma kalmar da ka sani tun firamare sai ta zo da wata riga. Qualify, wadda na sani da cancanta, a can tana iya nufin rage ƙarfin magana. Ga agogo: tambayoyi 12 cikin minti 18, sannan 15 cikin minti 23, kuma ƙoƙarinka a kashin farko shi ke yanke nauyin na biyu. Ba katin da zai koya maka wannan. Dole na ware awa ɗaya kullum ina karanta dogayen maƙaloli na Turanci masu nauyi, ina tsayawa a ƙarshen kowane sakin layi in faɗa wa kaina da Hausa abin da aka ce. In na kasa faɗa da Hausa, to ban gane ba, sai in koma.

Ranar jarrabawa, makin Turancina ya ɗara na gwajin farko da tara. Ba zan ce duka aikin Anki ba ne, amma tambayoyin cike gurbi, waɗanda da nake yi musu canki-canka, wannan karon da hujja na amsa yawancinsu. Wanda yake da wata huɗu ko fiye a gabansa, kuma zai iya haƙurin rubuta katunansa da kansa, ina ba shi shawarar ya ɗauke ta. Wanda saura masa mako uku, gara ya zuba lokacinsa a tambayoyin gwaji na ETS, domin tazarar maimaitawar ba za ta samu filin yin aikinta ba.

Sakamakon GRE yana aiki har shekara biyar, don haka ba ni da niyyar sake zama. Amma ban cire manhajar ba. Katunan da suka rage kan zo min bakwai ko takwas a rana, jiya ma frugal ta leƙo, na danna mata maɓallin sauƙi, ta ce sai bayan wata goma sha ɗaya.