Castle, McCain ko Sheppard: jesin wa za ka saya, katin wa za ka ajiye

Duk mai bin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya san yadda abin yake, da yaro sabon shiga ya zuba maki talatin a wasa ɗaya sai kowa ya rikice, wannan na neman jesinsa wancan na neman katinsa na shekarar farko, wato katin nan mai hoton ɗan wasa da ake saya a ajiye, kuma kayan nan ba araha gare su ba, dala ake zubewa. To ɗan uwa in dai yaron nan gad ne, wato mai riƙe ƙwallo yana tsara wasa daga baya, kar ka yarda maki su ja ka. Maki su ne abu na ƙarshe da za ka duba.

A Nuwamban 2009 Brandon Jennings na Milwaukee ya ci maki 55 a wasansa na bakwai kacal a NBA, a kan Golden State ma, kuma a ɗaya ɓangaren akwai wani siririn yaro sabon shiga mai suna Stephen Curry. A kakar nan Tyreke Evans ne ya lashe kyautar gwarzon sababbin shiga da maki 20, ribawun (cafke ƙwallon da ta kuskure kwando) 5, fasin da ya kai ga ci 5 a kowane wasa, Curry ya zo na biyu. Daga Jennings har Evans babu wanda ya taɓa zuwa wasan All-Star, wato na zaɓaɓɓun taurarin shekara. Haka Michael Carter-Williams a 2013, ranar farko ya yi wa Miami masu riƙe da kofi maki 22 da fasin 12 da ƙwacen ƙwallo 9, ya ɗauki kyautar shekara, kafin Fabrairun 2015 ta ƙare Philadelphia ta miƙa shi Milwaukee saboda jifan nesa ya ƙi shi. Shi kuwa Shai Gilgeous-Alexander maki 10.8 ya yi a shekararsa ta farko, a 2025 ya zama MVP, wato gwarzon gasar baki ɗaya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ne, amma sai ka san abin da za ka duba a Larabar.

Bari mu ɗauki gad uku daga daraf ɗin 2024, wato zaɓen sababbin 'yan wasa da tim-tim ke yi bi da bi, tunda su ne aka fi yi wa gardama.

Stephon Castle shi San Antonio ta ɗauka na 4 daga jami'ar UConn, bayan sun ci kofin jami'o'i. Ya buga wasa 81 cikin 82, maki 14.7, fasin kusan 4, shi ya lashe kyautar shekara. Abin da ya fi burge ni da shi jiki ne, ƙafa 6 da inci 6, kuma baya tsoron a ce masa je ka tsare babban ɗan wasan wancan ɓangaren, wanda da wuya koci ya ba yaro ɗan shekara ashirin wannan aiki. Ga shi ya yi shekara guda gefen gogaggen gad Chris Paul yana koyon sana'a, ga dogon tauraronsu Wembanyama da zai riƙa jefa wa ƙwallo sama. Matsalar ita ce hannu. Jifan maki uku kashi 28.5 ya samu, jifan firi turo, wato na kyauta da ake ba ka in an yi maka laifi, kuma wajen 72, kuma ni wannan na biyun ya fi damuna, don a layin firi turo ba mai tsaronka ba mai tura ka, kai ne da kwando, in hannu na da kyau a nan yake nunawa tun kafin na nesa ya zauna. Kashi 72 ba bala'i ba ne amma kuma ba zai sa ka yi barci da minshari ba. Sannan Spurs, wato San Antonio ɗin, sun kawo De'Aaron Fox a Fabrairun 2025, suka sake ɗaukar Dylan Harper na 2 a daraf ɗin Yuni, ƙwallo ɗaya masu son riƙe ta uku.

Jared McCain kishiyarsa ne ta kowane fanni. Na 16 Philadelphia ta ɗauke shi daga jami'ar Duke, bai da tsayin Castle, amma hannu kam Allah ya ba shi, kashi 38 a jifan uku, sama da 87 a firi turo, maki 15.3, har ya yi wa Cleveland 34 a Nuwamba ya zama gwarzon wata na sababbin shiga a rukunin Gabas na gasar. Sai dai wasa 23 kawai aka gani, a Disamba gwiwarsa ta hagu ta samu matsala aka yi masa tiyata kakar ta ƙare masa, kafin a shiga kakar 2025-26 kuma ya ji rauni a babban yatsa. Wasa 23 ba su isa a yanke wa mutum hukunci ba, mai kyau ko mara kyau, balle ma yawancin makin nan ya ci su ne lokacin da manyan Philadelphia ke jinya, dole wani ya yi jifa. Sai kuma suka ɗauko VJ Edgecombe na 3 a 2025 alhali a lokacin ga babban gad ɗinsu Tyrese Maxey yana nan daram.

Reed Sheppard shi ne wanda mutane suka fi saurin yarwa kuma ni ina ganin an yi gaggawa. A jami'ar Kentucky kashi 52 ya yi a jifan uku, abin da ba kasafai ake gani ba, Houston ta ɗauke shi na 3, sai ya tarar da tim mai neman kofi wadda ta ci wasa 52 ta zo ta biyu a Yamma ƙarƙashin Ime Udoka, kocin da ba ya wasa da difens. Yaro ya zauna benci, maki 4 da ɗan abu, jifan ukun nasa bai kai kashi 35 ba. Da aka tura shi G League, ƙaramar gasar da NBA ke goge yara a ciki, kuwa 49 ya zuba a wasa ɗaya. Layin maki uku a jami'a mita 6.75 ne, a NBA 7.24, agogon jifa ya sauko daga sakan 30 zuwa 24, mai shiga minti goma ya fita ba zai saba da wannan cikin sauƙi ba. Raunin da Fred VanVleet, babban gad ɗin Houston, ya ji a gwiwa a Satumban 2025 ya buɗe masa ƙofa.

Amma kafin ka ciro katin banki ka biya, don Allah ka kalli cikakken wasa ko da biyu ne, ba guntayen bidiyon Instagram ba, waɗannan ba sa nuna inda aka ƙwace masa ƙwallo. Ka zuba ido lokacin da dogon tim ɗinsu ya zo ya tare masa mai tsaro, sai mutum biyu suka rufe shi lokaci guda kusa da tsakiyar fili. Yaron da bai nuna ba zai daina dirbil ya rungume ƙwallo, kai a ƙasa, yana juye-juye har a karɓe ko ya cilla ta inda ba kowa. Wanda zai yi nisa kuwa zai ja baya taku ɗaya ƙwallo na ci gaba da bugun ƙasa, ido a sama, ya jira dogon ya gangara kwando ko ya hango na kwana da aka bari shi kaɗai. Ka duba ko yana iya shiga ta hannunsa mara ƙarfi. Sannan minti biyar na ƙarshe in wasa ya yi zafi, yana fili ko yana benci da tawul a wuya, don koci na iya yabon yaro gaban 'yan jarida amma a nan yake faɗin gaskiyarsa.

Sai maganar kayan kansu. Jesi a haɗe take da tim, kuma gad matasa sun fi kowa saurin canza gida: Shai shekara ɗaya ya yi a Clippers aka ba da shi Oklahoma a cinikin Paul George a 2019, Haliburton bai cika shekara biyu a Sacramento ba ya koma Indiana. Kwantiragin wanda aka ɗauka a zagayen farko na daraf shekara biyu ne tabbatattu, sauran biyun zaɓin tim ne. Nike ke yin jesin NBA tun 2017, akwai Swingman mai lambar manne wadda ta fi sauƙin kuɗi akwai Authentic irin ta fili mai ɗinki, ga sabon shiga Swingman ta isa wallahi, kar ka kashe na Authentic a kan wanda ba ka san inda zai kwana baɗi ba.

Kati shi bai damu da canjin tim sosai ba, ɗan wasan yake bi. Na 'yan 2024 kamfanin Panini ne ya buga, samfurinsa na Prizm aka fi nema mai tambarin RC, alamar katin sabon shiga, kuma su ne ajin ƙarshe kafin lasisin NBA ya koma hannun kamfanin Topps. Katin gama-gari ana buga shi da yawan gaske don haka ba ya wani tashi, gara ka tara kuɗin ka sayi guda ɗaya Silver, wato mai ƙyallin azurfa, ko mai lamba a baya da ke nuna adadin da aka buga, in an riga an tantance shi a PSA, kamfanin da ke auna lafiyar kati, ya samu 9 ko 10 cikin 10 ya fi kwanciyar hankali musamman in ta intanet za ka saya ba ka riƙe shi a hannu ba.

In jesi nake nema ta Castle zan ɗauka, don mai tsayi da difens irin nasa ko hannu bai gyaru ba ba zai rasa wuri a fili ba, kuma Spurs ba su cika saurin rabuwa da yaransu ba. In kati ne na ajiya, Sheppard, saboda shi aka fi rainawa a cikin ukun alhali hannun nan na Kentucky bai je ko'ina ba. McCain ina ƙaunar wasansa ƙwarai amma zan jira in ga ya yi kaka guda cikakkiya gwiwar na lafiya, ko da hakan zai sa in biya fiye da na yanzu.