Wikimedia Commons da tsofaffin hotunan Garwa: akwai kaya, amma sai ka iya lissafin shekarar mutuwa

Salam jama'a. Masu yawan tambayata a ina nake samo hotunan Garwa da Marwa na zamanin Jamus, toh a Wikimedia Commons ne, kuma yau zan faɗi yadda na ga wurin, mai daɗi da mara daɗi. Rumbun hotuna ne na mutanen Wikipedia, tun 2004 aka buɗe shi, yanzu abun da ke ciki ya haura fayil miliyan 100, ba a biyan ko sefa ɗaya, ba talla, ba sai ka buɗe akawun ba in dai kallo da saukewa kawai za ka yi. In kana so ka ɗora naka ne sai ka yi rajista, shi ma kyauta.

Wajen kaya kam wallahi akwai. Taswirorin Adamawa na Jamusawa, zane-zanen tafiyar Barth, Bajamushe mai yawon bincike wanda ya iso Yola a 1851, hoton nan mai tada hankali na kan Rabe bayan yaƙin Kusuri na 1900, sojoji, kasuwanni, mahaya dawaki da lifidi. Sai dai in za ka nema kar ka tsaya kan rubutun Faransanci kaɗai, ka gwada Garua, Marua, Adamaua, Kamerun, na Njamena kuma ka sa Fort-Lamy tunda sai 1973 aka canza sunan. Abun da ya fi burge ni shi ne a ƙarƙashin hoto za ka ga wa ya ɗauka, wace shekara, daga wane littafi ko wace ma'ajiya aka ciro shi, da kuma dalilin da ya sa aka ce ya halatta kowa ya yi amfani da shi. Ba irin na guruf-guruf ɗinmu ba da hoto ɗaya yau a ce fadar Lamidon Garwa ce, gobe wani ya tura shi ya ce Kano ce, jibi ya zama Kukawa, kuma kowa ya rantse.

Yanzu ga inda mutane ke faɗuwa. Mu a tunaninmu in hoto baƙi da fari ne, ya yi ja ya yayyage, shikenan ya zama na kowa. A can ba haka suke lissafi ba sam. Tsufan hoton ba shi ne magana ba, tambayar farko ita ce wa ya ɗauka kuma yaushe ya mutu, ta biyu a wace ƙasa aka fara buga shi. Ku lura da wannan ta biyun, ba inda aka ɗauka ba, inda aka fara wallafawa. Hoton da aka ɗauka a bakin Binuwai amma aka fara buga shi a littafi a Berlin, dokar Jamus ce a kansa, kuma Jamus da Faransa duk shekara 70 ne bayan mutuwar mai aikin, a ƙirga har ƙarshen shekara, sai ranar 1 ga Janairu ya kuɓuta. Mu nan Kamaru dokar haƙƙin mallaka ta Disambar 2000 shekara 50 ta ce bayan mutuwa.

Bari in kawo mutum uku da duk sun taka ƙasar nan ku ga yadda abun yake. Hans Dominik, hafsan Jamus ɗin da ya yi yaƙin Marwa a farkon 1902, ya mutu 1910, don haka duk abun da ya fito daga hannunsa ya daɗe da zama na kowa. Siegfried Passarge, shi ma Bajamushe mai bincike, ya riga shi zuwa, shi ya zaga Adamawa tun 1893 zuwa 1894, littafinsa ya fito 1895, amma bawan Allahn nan ya yi tsawon rai sai 1958 ya mutu, toh abun da ya rubuta ko ya zana da hannunsa a dokar Jamus sai 1 ga Janairun 2029. Ka ga wanda ya fi tsufa shi ne a ɗaure. Na ukun Marc Allégret, saurayin da ya rako marubucin Faransa André Gide a tafiyarsu ta Kwango da Cadi, suka bi ta ƙasar Musgum da Marwa da Rai Buba a 1926, ya ɗauki hotuna masu kyau na ban mamaki, shi kuma 1973 ya mutu, sai 2044 kenan. Allah ya nuna mana da rai da lafiya, amma dai da sauran jira.

Kuma ba a nan ya ƙare ba, akwai ƙofa ta biyu. Tunda gidauniyar da ke riƙe da shafin a Amurka take, dole hoton ya kuɓuta a dokar Amurka ma, ba ta ƙasarsa kaɗai ba. Su nasu lissafin na tsofaffin kaya shekara 95 ne daga ranar bugawa, shi ya sa a Janairun 2025 kayan 1929 suka fita, kowace shekara ana matsawa da ɗaya. Sannan ga wata doka tasu mai ciwon kai da ta ce duk aikin ƙasar waje da yake da kariya a ƙasarsa ranar 1 ga Janairun 1996, su ma sun mayar masa da kariya a wajensu. Ma'ana hoton da aka buga a Yawunde a 1955, ko da mai ɗaukar ya mutu 1960 kuma a nan gida ya kuɓuta tun 2011, a Amurka yana nan ɗaure har ƙarshen 2050. Ni dai wannan ban ga adalcinsa ba, mutumin Poli ko Gidar ina ruwansa da majalisar Amurka, amma ba masu shafin suka yi dokar ba, bi kawai suke.

Inda na yaba musu shi ne sun sauƙaƙa lissafin da wasu alamomi da ake liƙa wa hoto. Akwai PD-old-70 na wanda ya shekara 70 da mutuwa, akwai PD-US-expired na ɓangaren Amurka, akwai kuma PD-old-auto wanda kai dai ka sa masa shekarar mutuwar shi zai yi lissafin da kansa. In an yi bincike an rasa shekarar mutuwar mai ɗauka, suna yarda da hoton da ya haura shekara 120 da yi, da alamar PD-old-assumed, wannan ya ceci hotuna da yawa na farkon zuwan Turawa. Kuma in ka yi sikan ɗin tsohon hoton da ya riga ya kuɓuta, a wajensu sikan ɗin bai ba ka wani sabon haƙƙi ba, don haka masu manna sunansu ƙato a tsakiyar hoton 1905 su ji da kyau.

Amma fa ba duk tsohon hoto da ke ciki ne wa'adinsa ya ƙare ba, ku dinga karanta akwatin ƙasa. Ma'ajiyar tarihi ta gwamnatin Jamus ta ba su dubun dubatar hotuna a 2008, har da na Kamaru, waɗannan da lasisin CC BY-SA suka zo, za ka iya amfani da su amma sai ka ambaci inda suka fito. Su kuma hotunan marigayi Ahmadu Ahijo da Kennedy a fadar White House a 1962, waɗanda ma'aikatan gwamnatin Amurka suka ɗauka a bakin aiki, tun ranar farko na kowa ne, haka dokarsu take, ba ruwansu da shekara 70.

Zancen gogewa kuwa ba sa wasa. In ka ɗora hoto ba ka faɗi tushe ko lasisi ba, ana liƙa masa gargaɗi, bayan kwana 7 ya tafi. In gardama ce a kan ko wa'adi ya cika, sai a buɗe shafin tattaunawa aƙalla mako guda kowa ya kawo hujja, kuma ƙa'idarsu ita ce in akwai shakka mai ƙarfi gogewa ake, ba a cewa ai mai shi ba zai sani ba. Mafi yawan abun da ke kashe hotunan mutanenmu shi ne wurin da ake tambaya aikinka ne ko na wani, sai mutum ya danna nawa ne don shi ya ɗauka da telefon daga jikin bango, hoton kakansa da rawani na 1948, shi kuma an haife shi zamanin Biya. Masu sa ido ɗin 'yan sa kai ne, wasu sun shekara da shekaru suna wannan aiki, nan take suke ganewa. Abu ɗaya da ya ba ni sha'awa, gogewar ba ƙonewa ba ce, ɓoyewa ce, suna da rukunai na musamman da sunan shekara, a dawo da shi 2029, a dawo da shi 2044, kamar mai ajiye hatsi a rumbu ya rubuta ranar buɗewa, in Janairun ta zo sai masu kula da shafin su fito da su.

Toh ga abun da ke ci mani rai, kuma shi ya hana ni ba su cikakken maki. Duk wannan tsari ya fi yi wa hoton Bature daɗi. Hafsan Jamus an san ranar haihuwarsa da ta mutuwarsa, an rubuta a littafi. Amma mai foto na unguwar Yelwa a Garwa ko na bakin kasuwar Marwa da ya ɗauki iyayenmu ranar sallah, ranar hawan Lamido, ranar tafiya Makka a shekarun 1960, wa ya rubuta shekarar rasuwarsa? Kuma riƙe hoton a akwatin Hajiya ba ya sa haƙƙin ya zama na gidanku, na mai ɗaukar ne da magadansa. Sai ka ga rumbun cike da mu yadda baƙi suka gan mu, an rubuta sunan laftanan kaza cikakke, na kusa da shi kuwa wai wani sarki da mutanensa, kamar ba ɗan kowa ba. Wannan na biyun aƙalla a hannunmu yake, shafin kowa na iya gyarawa, in ka san wane Lamido ne kuma kana da hujja ka shiga ka rubuta, da Hausa ma an yarda ka ƙara bayani.

Harshe ma matsala ne, dokokin asalinsu da Ingilishi suke, akwai fassarar Faransanci ta da dama, Hausa kaɗan, Fillanci kuwa kar ma a yi magana. Manhajarsu ta Android an yi ta ne don hotunan da kai ka ɗauka, tsofaffin kaya gara ka hau kwamfuta ko ka je siber ka bi matakan ɗorawa a natse. Wajen saukewa kuma ka zaɓi ƙaramin girma, asalin wasu taswirorin zai iya shanye maka forfe, wato datar intanet, a zama ɗaya.

Malaman tarihi na lise, ɗaliban jami'ar Ngaundare da Marwa masu rubutun kammalawa, har masu buga kalanda, ina ba ku shawara ku shiga, hoton da wa'adinsa ya ƙare ko sayarwa za ka yi ba mai tare ka. Masu son ɗora na gida kuma ku fara juya bayan hoton, sau da yawa akwai hatimin sitidiyo da sunan mai shi, daga nan a tambayi dattawan kartiye ko 'ya'yansa na nan. In suna nan kuma sun yarda, ba sai an jira shekara 50 ba, akwai 'yan sa kai masu karɓar takardar izini ta imel, magadan su aika da kansu cewa sun saki hoton da lasisin kyauta, sai a liƙa masa lambar shaida ya zauna.