Kilimanjaro, Dutsen Kenya ko Rwenzori: wanne za ka biya kuɗin hawa?

Mai son ya ga ƙanƙarar da ke zama a kan dutse duk shekara ba tare da ya bar Afirka ba, wurare uku ne a gabansa. Kowa tsawo yake fara tambaya, amma ni shawarata ka fara duba ƙarfinka da yawan kwanakin da za ka iya bayarwa.

Kilimanjaro na Tanzaniya ya fi su duka, mita 5,895 a ƙololuwar Uhuru, kuma da ƙafa ake hawansa, babu igiya. Abin da ke mayar da mutane baya shi ne ƙarancin iska a can sama. In kamfani ya yi maka tayin kwana 5 ta hanyar Marangu da sauƙin farashi, ka tuna araha ba ta ado. Gara ka ƙara kuɗi ka bi Lemosho, kwana 7 ko 8, jikinka ya saba a hankali.

A Dutsen Kenya sai ka sa ido. Ƙololuwar Batian, mita 5,199, ta ƙwararrun masu hawa da igiya ce. Yawancin tafiye-tafiyen da ake tallatawa a ƙololuwar Lenana suke tsayawa, mita 4,985. Ka tambaya tun kafin ka biya.

Rwenzori kuwa, a iyakar Yuganda da Kwango, shi ne ya fi kwanta mini a rai. Ƙololuwar Margherita da ke kan Dutsen Stanley mita 5,109 ce, ayarin wani basaraken Italiya, Duke na Abruzzi, ya fara hawanta a 1906. Ba ta kai sauran biyun tsawo ba, amma wahalar hanyarta daban ce. Daga yankin Kasese na Yuganda ake tashi, kwana 7 ko 8, ana ratsa fadamun da laka ke kama ƙafa har ƙwauri, shi ya sa takalmin roba irin na manoma ya zama dole. Ranar hawa ƙololuwa da asuba a ɗaura maka igiya a ƙugu, ka sa takalmi mai ƙusoshi, ka riƙe gatarin ƙanƙara. Ƙanƙarar tana ta narkewa shekara bayan shekara, abin da ke damuna ƙwarai. Ruwan sama ya fi sassauci daga Yuni zuwa Agusta, sai Disamba zuwa Fabrairu.

Ko wanne ka zaɓa, a rubuta maka ko farashin ya haɗa da kuɗin shiga gandun daji, ladar 'yan dako da hayar kayan sanyi. In Yuganda ka nufa, kar ka manta katin rigakafin cutar shawara.